Birkin Dubu Tara

"...da gajiyar hanya kuma?"

"Babu gajiya, angona. Ya ƙafar?"

"Ƙafa tana nan inda kika bar ta. Ya mutanen Kazaure? Shi uban naki har yanzu bai gano hanyar Roni ba?"

"Yana gaishe ka. Ya ce ranar Juma'a zai shigo."

"Ai tun bara Juma'ar nan take hanya."

Malam Daudu yana zaune a kan buzunsa a gindin darbejiyar ƙofar gida, ya riga ya ci adon kasuwa, farar riga da karin guga, hula a karkace, sanda jingine da cinya. A gabansa Mu'minat ce durƙushe, 'yar ɗansa Muhammad Sani, wadda take aikin gwajin jini a wani asibiti a Kazaure. Tun da matarsa Tasalla ta rasu, ciwon ƙafa kuma ya hana shi hawa babur, ita ce take zuwa da 'yar ƙaramar motarta ta kai shi kasuwar Gwiwa. Ba wani ciniki yake yi ba yanzu. Zuwa yake ya zauna a layin 'yan hatsi, inda ya ƙarar da ƙarfinsa yana awo, ya riƙa zura hannu cikin buhunan mutane yana faɗa musu abin da suka ɓoye a ƙasa. Duk Roni an san halinsa. Ko sallama ka yi masa da fara'a mai yawa, sai ya tambaye ka me kake nema.

Yau tun ba a gama gaisuwa ba wani abu ya tsaya masa a rai. Motar ta zo ta tsaya bai ji zuwanta ba. A makonnin baya tun daga bakin masallaci yake jin ta, in an taka birki sai ta ɗauki ƙara kamar ana wasa wuƙa a dutse, kaji su watse, shi kuma ya fara laluben takalmi. Yau sai kawai ya ga inuwar mutum a kansa.

Ya ce, "Amarya, me ya sami gwangwanin naki? Mura take yi? Ban ji kukanta ba."

Mu'minat ta gyara zama a gefen tabarma. "Gwangwanin da yake ɗaukar ka kyauta? Fatar birki na sake mata. Tsohuwar ta cinye, ƙarfe ne yake gogar ƙarfe, shi ne ƙarar da kake ji."

"Wato duk watannin nan a bakin kabari kike yawo da ni."

"Ai da ma can a bakinsa na same ka."

"Allah ya shirye ki. Nawa aka sa miki?"

"Ina ruwanka? Kai za ka biya?"

"Mace ta kashe kuɗi mijinta bai sani ba? A gidan wa aka koya miki haka?"

"Mijin da ko tsinken tsire bai taɓa saya min ba."

"Tsire yana ɓata haƙori. Dubi nawa, duk shi ya kwashe su. Nawa?"

Ta ɗan duƙar da kai tana wasa da makullin motar. "Dubu tara."

"Na ƙafa ɗaya?"

"Na gaba duka biyu, har da kuɗin aiki."

Malam Daudu bai san komai a mota ba. In ka buɗe masa gabanta ba zai bambance injin da tukunyar ruwa ba. Amma ya san farashi, don farashi ba ya wuce kunnensa ya fita. Maƙwabcinsa Malam Peter, malamin makarantar da ke haya a bayan gidansa, yana da irin motar nan sak, sai dai tasa ja ce. Kwanan nan ya zauna a kan tabarmar nan yana ƙorafin abin da aka caje shi a kan fatar birki, har ya ce saura kaɗan ya koma keke.

Tsohon ya ce, "Malam Peter dubu ashirin da takwas ya biya. A nan ya zauna yana share gumi."

"To Malam Peter bai iya ciniki ba. Ni kuwa jikar Daudu ce, gado na yi."

"Ke? Ke da mai tumatir zai ce ɗari biyar ki miƙa masa har da na gode? Na gan ki da idona a Gwiwa. Ranar sai da na juya baya don kar a ce jinina ce."

"Wataƙila kaya ne suka sauka."

"A ƙasar nan? Babu abin da ya sauka a ƙasar nan sai haƙorana."

Ta yi dariya ta miƙe tana kaɗe zani. "Tashi mu tafi, rana tana yi. In muka makara abokan gulmarka za su watse."

Bai motsa ba. Sai ma ya zare takalmin da ya riga ya zura, ya ajiye shi gefe, ya miƙe ƙafa.

"Ba inda za ni."

"Ikon Allah. Saboda me?"

"Saboda ina son raina. Abin dubu ashirin da takwas a ba ki a dubu tara, kuma ki ce in shiga in zauna? Na gane shirin. Kin gaji da ni, kina so ki gangara da ni cikin duwatsun nan ki dawo ki ci gado."

"Gadon me? Buta da rediyon da sai an mare shi yake magana?"

"Rediyon nan ya girmi ubanki, kuma ya fi shi zuwa gaishe ni."

"Kuma in na gangara da kai, ni a ina nake? Ba a cikin motar nake ba?"

"Ke yarinya ce, tsalle za ki yi ki fita. Na san ku."

"To zauna. Ni sai in je in ce musu angona ya tsufa, tsoron mota yake."

"Tsoro? Ni da nake ɗaukar buhun gero a ka daga nan har Ɓaɓura, in sayar wa mutanen Nijar, in karɓo sefa in dawo ban sha ruwa ba?"

"Wancan makon rabin buhu ka ce."

"Wancan makon ba ni da lafiya."

Duk da bakin da yake yi, hankalinsa bai kwanta ba. Ya sha jin labarin kayan jabu, waɗanda ake yi wa kwali mai kyau a sayar wa wanda bai sani ba. Yarinyar nan kuwa kullum tana kan titi ita kaɗai, ga manyan motoci, ga 'yan babur da ba sa duba baya. Ya dogara sandarsa ya miƙe da ƙyar.

"Muje in ga abin da aka liƙa miki. Ina jin tsohon silifa aka yanka aka manna."

"Ba a ganinsa daga waje, yana bayan taya."

"Ai dole. Duk abin da aka cuci mutum da shi a bayan wani abu yake."

Ya zagaya motar a hankali, yana ƙwanƙwasa taya da sanda kamar mai taya sa a kara. Ya sunkuya ya leƙa, bai ga komai ba sai duhu da ƙarfe. Da ya ɗago sai idonsa ya faɗa kan madubin gefe. Wancan makon madubin nan a tsage yake, an ɗaure shi da roba. Yau sabo ne, har yana ganin furfurarsa a ciki. Ya kama marfin ƙofar da yake shiga, wanda sai an ɗaga an jijjiga yake buɗewa. Yana taɓawa ya buɗe. A ƙasa ga sabuwar shimfiɗar roba, ga wani ɗan abin ƙamshi yana lilo a gaban gilashi.

Ya juyo ya dube ta. "Madubin nawa?"

"Yana ciki."

"Cikin me?"

"Cikin dubu taran."

"Ƙofar fa?"

"Ita ma."

"Da tabarmar ƙafa, da wannan layar mai ƙamshi?"

"Kai Kaka, wannan ai gyara ne. Ba a yi wa mai sayayya gyara? Kai ba ka yi ba da kana awo?"

Malam Daudu ya saki ƙofar. Ya koma kan buzunsa ya zauna, ya ciro goro daga aljihu, ya ɓantara ya daɗe yana taunawa da 'yan haƙoran da suka rage. Mu'minat tana tsaye jikin mota, ta ƙi yarda su haɗa ido.

Ya ce, "Zo nan ki zauna in koya miki gyara, tunda a kaina kika kawo shi."

Ta zo ta zauna.

"Gyara ɗan tafin hannu ne. In mutum ya sayi mudu goma, ka ɗebo da yatsu huɗu ka watsa masa, kana yi kana ɓata rai don kar ya saba. Duk zamana a kasuwa, sau ɗaya na taɓa yin gyaran da ya fi awon yawa. Wata yarinya ce ta zo daga wani ƙauye a bayan Gwiwa, an aiko ta sayen gero mudu ɗaya. Na auna mata ɗaya, na yi mata gyaran biyu. Maigidana ya kusa karya ni. Mako na zagayowa ta dawo, na sake."

"Wace ce?"

"Kakarki Tasalla mana. Wa kike zato?"

Mu'minat ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

Ya ci gaba. "Saboda haka mai kayan nan ɗayan biyu ne. Ko dai jabu ya sa miki, yana neman ranki. Ko kuwa gangariya ya sa miki, yana neman matata. Kowanne ne a ciki, ni aka cuta."

"Kai dai ba ka taɓa yarda mutum ya yi abu don Allah ba."

"Na yarda mana. Don Allah ake ba makaho sadaka. Ba a ba mai albashi madubi don Allah. Tsoho ne ko yaro?"

"Ban duba ba."

"Yana da gemu?"

"Ɗan kaɗan."

"Ashe kin duba."

Ta kwashe da dariya a cikin mayafi, sannan ta ɗago ta harare shi. "Tsaya tukuna. Wa ya kawo maka gulma? Malam Peter ne ya gan ni a shagon? Ko Gwaggo Uwa ce ta bugo maka waya? Na lura tun da na zo kake wani kallona ƙasa-ƙasa."

"Wato har akwai abin da za a gani a shagon. Har Uwa ta sani, ni mijin ne na ƙarshe."

"Ni ban ce ba."

"Babu wanda ya faɗa min komai. Motarki ce ta tona ki da ta yi shiru. Sunansa?"

Zolayar ta sauka daga muryarta. "Zaharaddini."

"Wannan suna ne ko huɗuba? Kafin a gama kiransa tuwo ya huce. Ɗan wane gida?"

"Mutanen Ɓaɓura ne. Shagon kayan mota yake da shi a Kazaure, kusa da tasha. Shi ya sayar min da fatar, ya tsaya a kan bakaniken har aka ɗaura. Wallahi Kaka na miƙa masa kuɗin cif, ya ƙi karɓa. Da na matsa shi ne ya zari wannan, wai don kar in yi fushi."

"Tun yaushe motar take lalacewa a ƙofar shagonsa?"

"Tun bayan ƙaramar salla."

"Allah sarki mota. Ashe ba tsufa ne yake damunta ba, aike ake yi da ita."

"Birkin dai da gaske ya cinye."

"Na ji wannan da kunnena. Yana da mata?"

"Babu."

"Haka ya ce miki. Ni ma haka nake cewa in na je Gwiwa."

"Kai ai gaskiya kake faɗa, wa zai kwashe ka?"

"Yana salla?"

"Ya fi ka, shi ba ya gyangyaɗi a sahu."

"Ba gyangyaɗi nake ba, nazari nake. Uban naki ya sani?"

Ta girgiza kai. "Da wane bakin zan faɗa wa Baba? Shi kuma Zaharaddini ya ce manyansa suna so su zo, sun rasa ta ƙofar da za su shigo."

Nan Malam Daudu ya daina tauna goro. Wani zargin ne ya taso masa, wanda ya fi na farko. Ya dube ta tun daga sama har ƙasa, yarinyar da ya goya a wuya yana zagaya gona da ita, ga ta zaune ta yi kalar tausayi kamar ba ta san komai ba.

Ya ce, "Mu'minatu. Kin san Malam Peter yana da irin motarki."

"Na sani."

"Kin san ba abin da zai saya bai zo nan ya yi min kukansa ba."

"Haka ne."

"Da na tambaye ki, me ya hana ki ce dubu ashirin da takwas, mu shiga mota mu tafi lafiya?"

"Ƙarya kake so in yi wa mijina?"

"Wancan watan kin ce min maganin ƙafata dubu ɗaya ne, na aika aka tambayo, dubu shida ne. Kin iya ƙarya in kin ga dama. Tarko kika ɗana min. Kin san ba zan ji dubu tara in yi shiru ba."

Ta sunkuyar da kai, amma kafaɗunta suna rawa don dariya. "Da na zo na ce maka Kaka ga wani yana sona, me za ka ce?"

"In ce ƙarya yake, albashinki yake so."

"To ka gani. Kai ba ka yarda da abin da aka miƙo maka a hannu. Sai wanda ka tono da kanka daga ƙasan buhu."

Shi da ake tsoro a layin 'yan hatsi, yau 'yar cikin ɗansa ta auna shi ta ɗaure bakin buhu. Abin ya ba shi haushi, ya kuma yi masa daɗi, bai san wanda ya fi yawa ba. A ƙarƙashin duka biyun kuma akwai wani abu mai nauyi da bai so ya duba. Gidan nan tun rasuwar Tasalla shiru ne. 'Ya'ya suna aiko da kuɗi da gaisuwa. Mai zuwa ta zauna ta zage shi ya rama, har ya manta da ƙafarsa, ita kaɗai ce.

Ya kawar da kai wajen titi. "In an yi, Ɓaɓura zai kai ki ke nan."

"A Kazaure yake zaune, Kaka. Ya kama gida a can."

"Haka suke cewa. Daga baya a ce uwarsa ba ta da lafiya, a kwashe ki a kai bakin iyaka, sai dai mu ji ki a waya kina lissafi da sefa."

"Aikina yana Kazaure. Kuma na faɗa masa tun farko ina da wani tsohon miji a Roni, mai rigima, wanda ba a saki. Ya ce ya ji ya gani."

"Ya ce ya gani? A ina ya gan ni?"

"A wayata. Na nuna masa hotonka."

"Wanne?"

"Wanda kake barci baki buɗe."

"Kin kashe ni tun ban shiga motar ba." Ya jawo takalminsa ya zura. "Kama ni in tashi. Har yanzu ban yarda da birkin nan ba. Mai neman aure ma yana iya zama ɗan jabu, an sha yi. Sai na ji da jikina."

Ta kama shi ya shiga, ta ja bel za ta ɗaura masa, ya ture hannunta.

"Ni ba akuya ba ne."

"Akuya ai ba ta gardama haka."

Suka fita daga gari. Damina ta yi nisa, gero ya fitar da kai a dama da hagu, duwatsu sun yi kore a gindinsu. Malam Daudu ya riƙe sandarsa a tsakanin ƙafafu, ya kafa kunne yana jiran ya ji wani ƙara da zai kama a matsayin shaida. Motar ba ta ce komai ba.

"Taka mu ji," in ji shi.

Ta taka a hankali, motar ta rage gudu.

"Wannan ai ko ni na sa ƙafa a ƙasa zan yi haka. Ba a gane mutum sai an matsa shi."

"So kake in kifar da kai?"

"So nake in san abin da na aura wa... abin da aka saka wa motar."

"Me ka ce?"

"Ki kalli gabanki."

Ba su yi nisa ba suka hau wani ɗan tudu, hanya ta karkata ta gangara. Suna shan kwanar sai ga shanu sun fito daga cikin gona suna tsallaka titi, wani farin bijimi mai manyan ƙaho ya tsaya a tsakiya yana kallon su. Mu'minat ta danne birki da duk ƙarfinta. Motar ta dafe a wuri ɗaya. Malam Daudu ya tafi gaba, ya tare da hannu, hularsa ta tashi ta faɗa kan gilashi, goron aljihunsa ya watse a sabuwar shimfiɗar. Tsakanin hancin motar da bijimin bai fi a shimfiɗa dadduma ba. Makiyayin, wani dattijo da malafa, ya ɗaga sanda yana ba da haƙuri, ya kora dabbobinsa suka wuce.

Mu'minat ta gangara gefen titi ta kashe motar.

"Kaka, ba ka bugu ba?"

Yana kallon inda bijimin ya tsaya, yana tuna ƙarar da motar take yi a makonnin baya, da yadda takan ja jiki kafin ta tsaya. Ya karanta abin da ya zo bakinsa a hankali, ya shafa fuska. Sannan ya miƙa hannu ya ɗauko hularsa ya kifa.

Ya ce, "Ke kika haɗa baki da Bafulatanin nan."

Dariyar da ta kubce mata har da ƙwalla. "Eh, tun jiya na biya bijimin."

"Na sani. Yadda ya tsaya yana kallona, an faɗa masa sunana." Ya ja bel ɗin da kansa yana laluben inda ake soka shi. "Taya ni da igiyar nan."

Ta ɗaura masa. "To yanzu me ka gani? Jabu ne?"

"Ba jabu ba ne." Ya yi ajiyar zuciya. "Yaron nan ba ranki yake nema ba. Abin da ya fi wannan muni yake nema."

Ya zura hannu can cikin aljihun 'yar ciki, ya ciro wani ƙullin ƙyalle da ya sha jiki. Kuɗin da ya tara ne zai sayi 'yar tunkiya a kasuwar yau, ya daɗe yana maganarta. Ya kwance, ya ware wasu ya mayar, ya ɗora sauran a cinyarta.

"Me wannan?"

"Cikon kuɗin birki. Ki ba shi a gabana, ya karɓa ko ya ƙi, sai ya karɓa. Madubi da layar ƙamshi na bar masa, wannan toshi ne, an saba. Amma abin da ya tsare ranki ba za a ce kyauta aka ba mu ba. Ranar da manyansa za su zo, ina so su same mu ba mu ci komai nasu ba, in na ga dama in ɗaga musu hanci."

"Kaka, tunkiyar fa?"

"Tunkiya ta ƙara mako a wajen uwarta. Juya kan motar."

"Ba Gwiwa za mu ba?"

"Kazaure. In ga ɗan gemun da ya yi min ƙwace da rana tsaka. Daga can ki sauke ni gidan ubanki, tunda shi Juma'arsa ba ta zuwa. Ke kuma ki ɓace, maganar maza ce."

Mu'minat ta riƙe kuɗin da hannu biyu, ta rasa inda za ta sa idonta. "Na gode, Kaka. Allah ya ƙara girma."

"Kar ki gode tukuna. In na zura hannu na tarar da tsakuwa a ƙasansa, da ke da motar duk gida za ku dawo."

"In kuma ka tarar da tsaba?"

"Sai in sallama. Da ma kin fi ƙarfina, ga ci ga rashin kunya. Ya je ya gani."

Ta tayar da motar, ta duba sabon madubin, ta juya. Da suka hau titi sosai sai ta ɗan ƙara wuta. Malam Daudu ya ɗora hannu a kan nata.

"Sassauta."

"Har yanzu birkin kake tsoro?"

"Birki na yarda da shi." Ya sunkuya ya tsinto goro ɗaya daga ƙasa, ya goge a riga, ya raba biyu ya miƙa mata babban ɓarin yana dariya. "Tambayoyi nake shiryawa, kar mu isa ban gama ba."